Daga Ƙirgan Wuri Zuwa Kwamfuta: Tarihin Wani Karatu A Ƙasar Kabi

 

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar dattawa a Argungu ko Birnin Kebbi lokacin da ɗalibai suka dawo hutu, ya san wannan hirar. Dattijo zai dubi yaro ya ce, "To ɗana, me kake karantawa a can jami'ar?" In yaro ya ce likitanci ko aikin lauya, an gama magana, sai sa albarka. In kuwa ya ce, "Baba, lissafi ne da kwamfuta," sai a ɗan yi shiru, can wani ya zaro waya daga aljihu ya ce, "Madalla, duba mini wannan, tun jiya ta ƙi kawo haske."

Yaron ba zai iya gyara wayar ba. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne, sau da yawa ba zai iya bayyana wa mahaifinsa da Hausa abin da yake karantawa ba. Daga nan sai a ɗauki karatun nasa baƙon abu, wanda ba shi da dangi a garin. Ni kuwa ina ganin yana da dangi, har da kakanni, kuma tarihinsu nake so mu bi yau.

Fannin da nake nufi zan kira shi kimiyyar lissafi da na'ura. Ya ɗan bambanta da kimiyyar kwamfuta zalla, wadda hankalinta yake kan ita kanta na'urar da manhajojinta. Shi wannan fannin, tambayarsa daga waje take zuwa: yaushe ruwan gulbi zai iso, ina cuta za ta bazu, kifi nawa ya rage. Aikinsa hawa uku ne. A mayar da tambayar ta zama lissafi, a yanka lissafin zuwa ƙananan matakai masu bin juna, sannan a ba na'ura ta maimaita matakan sau miliyoyi. Hawa na uku ne kaɗai sabo a wurinmu. Biyun farko sun daɗe a ƙasar nan.

Masu ƙirgan wuri

Kafin zuwan kuɗin Turawa, wuri shi ne kuɗin kasuwa a ƙasar Hausa, har da ƙasar Kabi, wadda Muhammadu Kanta ya kafa daularta a farkon ƙarni na 16. Wuri kuwa ba shi da daraja sosai a ɗaiɗaikunsa, don haka cinikin doki ko na kayan fatake yana nufin a ƙirga dubban ɗaruruwa. Wannan ya sa ƙirga ya zama gwaninta mai ƙa'idoji. Bature ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya ratsa Gwandu da Birnin Kebbi a 1853, ya bayyana yadda ya ga ana yi a Tasawa ta ƙasar Nijar ta yau: ana jan wuri biyar-biyar da yatsu, a tara shi tsibi-tsibi, kowane tsibi da adadinsa sananne, sannan a ƙirga tsibin. In kuɗin ya yi yawa, mutane da dama ne ke zama a kai, kowa da nasa kason, a ƙarshe a haɗa.

Harshenmu bai manta da wannan zamani ba. Hauya ashirin ce, zangu ɗari, keso kuwa wuri dubu ashirin. Kafin ashirin da talatin da arba'in su shigo daga Larabci, gomiya biyu da gomiya uku ake cewa, kuma har gobe za ka ji su a bakin tsofaffi a yammacin ƙasar Hausa da Nijar.

Abin lura a nan shi ne dabarar. Babban aiki an raba shi ƙanana, ƙananan an raba wa mutane, kowa yana bin ƙa'ida ɗaya, kuma tsibin da aka bari a ƙasa yana ba da damar a koma a duba in an yi kuskure. Ɗalibin da ya kai darasin raba aiki ɗaya tsakanin kwamfutoci da yawa zai gane wannan hoto nan take.

Lissafin zaure

Bayan jihadi, Birnin Kebbi ta faɗa hannun rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo a 1805, Gwandu ta zama cibiyar mulki da ilimi, Kabawa kuma daga baya suka mayar da Argungu mazaunin sarautarsu. A duk ɓangarorin biyu akwai alƙalai da malamai, kuma duk alƙali sai ya raba gado. Ilimin fara'id, wanda almajiri ke tararwa a Risala da Muhtasar, lissafi ne tsantsa mai matakai: a tantance magada, a fitar da wanda aka shamakance, a nemo asalin mas'ala, a raba.

Ga misali ɗaya sananne. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, su kuma suna da biyu bisa uku. In aka mayar da su kan shida, miji yana da kashi 3, su suna da kashi 4, jimla 7, alhali dukiyar kashi 6 ce. Malamai ba su tsaya nan ba. Suka ce a ɗaga asalin daga 6 zuwa 7, abin da ake kira auli, ta yadda ragin zai shafi kowa daidai gwargwado. In dukiyar naira 700,000 ce, miji ya ɗauki 300,000, su kuma 400,000. Wato ƙa'idar ta tanadi abin da za a yi ko da lissafi ya ƙi fita yadda aka saba. Mai rubuta manhaja da bai yi irin wannan tanadi ba, manhajarsa za ta tsaya cak ranar da ta gamu da irin wannan hali.

Na biyu ya shafe mu kai tsaye, mu marubuta. Mawaƙan ƙarni na 19, irin su Nana Asma'u, sukan rufe waƙa da ramzi, wato kalmar da ke ɓoye shekarar da aka yi waƙar. Kowane baƙi yana da adadinsa. A tsarin Magariba da malamanmu suka bi, shinun 1000 ne, ra 200, ya 10, ha ƙarami 8. In ka haɗa waɗannan huɗun ka samu 1218, shekarar hijirar Shehu zuwa Gudu, wadda ta yi daidai da 1804. Ashe mawaƙinmu na da yana mayar da harafi lamba. Kwamfuta ma haka take yi da kowane harafi da kake dannawa a wayarka, har da ƙ da ɗ da ɓ, kowanne da lambarsa.

Na uku sai mun ɗan leƙa Katsina. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan wafaƙi, abin da muka fi sani da hatimi: gidaje a jere, a zuba lambobi ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Mafi sauƙi shi ne mai gida tara, lambobi daga 1 zuwa 9, kowane layi 15. Jama'a sun fi sanin hatimi ta fuskar asiri, amma masana tarihin lissafi suna ambaton wannan malami ne saboda ya bayyana hanyoyin cike gidajen bi da bi, yadda duk wanda ya bi su zai iso ga amsa ba tare da laluɓe ba. Irin wannan jerin matakai shi ake kira algoridim a jami'a, kuma kalmar ta samo asali ne daga sunan al-Khawarizmi, masanin lissafin Bagadaza na ƙarni na 9.

Yadda na'ura ta shigo

Abin da ya gagari mai ƙirgan wuri da malamin fara'id shi ne yawa. Akwai lissafin da ƙa'idarsa sananniya ce, amma matakansa sun fi ƙarfin rayuwar mutum ɗaya. Turawa ma sun ci karo da wannan bango. Wani Baturen Ingila, Lewis Fry Richardson, ya yi tunanin cewa za a iya hasashen yanayi da lissafi: a raba sararin sama gida-gida, a lissafa yadda iska da zafi ke wucewa daga wannan gida zuwa wancan. Ya gwada da hannu. Hasashen awa shida ya ci masa kusan mako shida, kuma amsar ta fito ba daidai ba, nesa ba kusa ba. Duk da haka ya wallafa aikin a 1922, har da kuskuren, ya kuma ƙiyasta cewa sai an tara mutum 64,000 suna lissafi a lokaci guda kafin a riga yanayin duniya sauri. A zamaninsa, kalmar da ta zama kwamfuta a bakinmu sunan ma'aikaci ne, mutum mai zaman lissafi da alƙalami.

A 1950, a Amurka, wata ƙungiyar masana da ta haɗa da John von Neumann da Jule Charney ta yi amfani da na'urar ENIAC ta fitar da hasashen yanayi na awa 24, kuma aikin ya ɗauki kusan awa 24. A 1957 kamfanin IBM ya fitar da FORTRAN, harshen da ya ba masanin kimiyya damar rubuta wa na'ura umarni cikin siga mai kama da lissafin da ya saba. Daga nan fannin ya tsaya da ƙafarsa.

Doguwar hanya zuwa Kabi

A Najeriya, koyar da aikin kwamfuta ya fara ne daga kudu, inda IBM ta buɗe cibiyar horarwa a Jami'ar Ibadan a 1963. A Arewa, Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a Zariya a 1962 ita ce ta zama matattara, kuma cibiyar kwamfutarta tana ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin da ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. A 1975 aka kafa Jami'ar Sakkwato, wadda ta koma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A jami'o'in biyu, karatun kwamfuta ya shafe shekaru masu yawa a ƙarƙashin sashen lissafi kafin ya ware. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana wane ne uba, wane ne ɗa.

Duk tsawon wannan lokaci, yaron da ya gama Kwalejin Kanta a Argungu ko Kwalejin Nagari a Birnin Kebbi, in yana son digiri a wannan fanni sai ya yi ƙaura zuwa Sakkwato ko Zariya ko Kano. Ga 'ya mace kuwa, nisan kaɗai yakan kashe maganar tun a tsakar gida. An ƙirƙiri Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991, amma ta shekara goma sha biyar ba ta da jami'a. Akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, wadda yanzu ake kira Waziri Umaru, akwai kuma Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, su suka riƙe jihar da ma'aikata da malamai. Sai a 2006 aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero, wadda daga baya aka sa wa sunan Abdullahi Fodiyo. A 2013 gwamnatin tarayya ta kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, mai mazauni na dindindin a wajen Kalgo. Ke nan, ɗan Kabi ya samu damar yin digirin lissafi ko na kwamfuta a gida ne a cikin shekarun da yawancinmu muke da wayo. Waɗanda suka fara fitowa suna nan da ransu, ana iya zama da su a ji daga bakinsu.

Me ake yi a shekara huɗun?

Ɗalibin da ke son wannan fanni a jami'o'inmu yakan shigo ne ta ƙofar lissafi, ko kimiyyar kwamfuta, ko ƙididdiga, ko fiziks. Yana buƙatar kiredit biyar har da Turanci da lissafi, sannan ya ci jarrabawar JAMB. Shekarar farko takan ba mutane mamaki, domin wanda ya zo da zumuɗin zama gaban na'ura sai ya tarar da allo da alli: aljabara, kalkulas, fiziks, kemistiri. A shekara ta biyu ake shiga rubuta manhaja sosai, a da da FORTRAN da Pascal, yanzu da irin su Python da C++ da MATLAB, tare da lissafin jadawalin lambobi da lissafin yadda abubuwa ke sauyawa da lokaci.

Zuciyar karatun ita ce darasin kusantar amsa. A nan ɗalibi ke gane cewa yawancin tambayoyin duniya ba su da amsa tsaf irin ta littafin sakandare. Abin da ake yi shi ne a fara da ƙiyasi, a gyara, a sake gyarawa, har kuskuren ya ƙanƙance. Ɗauki lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da 10. Ka fara da 3. Raba 10 da 3, ka samu 3.33. Ɗauki tsakiyar 3 da 3.33, wato 3.17. Maimaita da 3.17, ka samu 3.162. Zagaye biyu kawai, ka kusa isa. Ana kuma koya wa ɗalibi ya san girman kuskurensa, ya faɗe shi, domin na'ura tana yanke wutsiyar lambobi, kuma ƙaramin yanki in ya taru sau miliyan yana iya rusa amsa gaba ɗaya.

Daga nan sai fita koyon aiki na SIWES, sai furojet a shekarar ƙarshe. A takarda shekara huɗu ce. A zahiri, waɗanda yajin aikin malaman jami'a na 2020 da na 2022 ya rutsa da su sun san yadda huɗu ke zama biyar ko shida. Ga ɗaukewar wuta, ga tsadar data, ga ɗalibin da ke rubuta manhaja a takarda ya jira abokinsa ya gama da laftof kafin ya gwada.

Tambayoyin da ke jiran su a bakin gulbi

To, me ya sa wannan ya dame mu? Gulbin Rima yana haɗuwa da na Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, ya gangaro ta Argungu da Birnin Kebbi, ya je ya faɗa Kwara. A samansa akwai madatsar Goronyo, a kan na Sakkwato kuma akwai ta Bakolori. Fadamar da wannan ruwa ke shayarwa ita ce ta mayar da Kebbi gidan shinkafa, har ta kai a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Nuwamban 2015. Ruwan nan kuma shi ne ya yi ɓarna a 2010, ya sake cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a 2020, lokacin da manoma da dama ke da bashi a wuya.

Tambayar manomin fadama gajera ce: in ruwa ya taso daga sama, kwana nawa zai yi kafin ya iso gonata, kuma ina zai kai? Wannan ita ce irin tambayar da fannin nan ya ƙware a kai. Ana raba gulbin gaɓa-gaɓa, a san faɗi da zurfi da gangaren kowace gaɓa, a lissafa ruwan da ya shiga da wanda ya fita cikin kowane ɗan lokaci, a maimaita har a ga tafiyar ambaliyar a kan taswira kafin ta faru. Ƙa'idojin lissafin tun 1871 wani Bafaranshe mai suna Saint-Venant ya rubuta su. Abin da ba za a iya sayowa daga waje ba shi ne awon gulbinmu, da sanin inda ya cike da yashi, da inda yake fasa gaɓa. Lissafi mai kyau a kan awo marar kyau, amsar banza yake bayarwa, kuma abin da ya kayar da Richardson ke nan. Wannan sanin yana wurin masunta da manoma da Sarkin Ruwa, kuma ɗan gida ne zai iya zama da su ya karɓo shi.

Haka batun kifi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, ya dogara ne da hana su a Matan Fada har lokacin biki. Wannan hani kansa hikima ce ta tattalin kifi. Amma kifi nawa ne a ciki? Akwai dabara. A misali, ka kama 200, ka sa musu alama, ka sake su. Bayan kwanaki ka kama 150, ka tarar 30 na da alama, wato ɗaya cikin biyar. Ke nan 200 ɗin nan kusan ɗaya cikin biyar ne na duka, jimla wajen 1,000. Sai dai lissafin ya ɗauka cewa masu alamar sun gauraya da sauran, kuma babu masu shiga ko fita. Masunci zai gaya maka ko haka ne, ɗalibi kuma ya gyara lissafin.

Rabonmu a ciki

'Yan uwa, na kawo wannan tarihi nan ne don akwai giɓin da mu ya kamata mu cike. Mun rubuta likita da lauya da soja da ɗan kasuwa a littattafanmu har sun gaji. Yarinyar da ta fito daga gidan masunta, take zaune a ɗakin kwanan ɗalibai a Aliero tana neman inda manhajarta ta karkace, alhali gonar mahaifinta na ƙarƙashin ruwa, ba mu cika ganin ta a shafi ba. Wanda zai rubuta ta kuwa sai ya san abin da take yi, kada ya tsaya ga cewa "tana ta danne-danne a kwamfuta."

Sannan akwai batun kalmomi. Kun ga yadda na yi ta fama a wannan rubutu: kusantar amsa, lissafin jadawalin lambobi, kimiyyar lissafi da na'ura. Wasu za su zauna, wasu ba za su zauna ba, sai an gwada akan san na ƙwarai. Malaman da suka gabace mu sun karɓi auli da ramzi da wafaƙi suka sarrafa su har suka zama na gida. In muka yi namu ƙoƙarin, wata rana yaron nan na majalisa zai iya cewa, "Baba, irin lissafin da Malam ke yi in zai raba gado nake koyo, sai dai ni a kan ruwan gulbi nake yin nawa, kuma na'ura ke taya ni." Ina kyautata zaton dattijon zai mayar da wayarsa aljihu, ya gyara zama.

Wanda ke da kalmar da ta fi tawa dacewa, ko ya san wani tsohon salon ƙirga na garinsu, ya taimaka mana da shi. Allah ya ƙara mana basira, ya kare manomanmu daga ambaliya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.